Takardun Anti Liya da Na Ƙona

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya. Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya da na baƙon wuri, Ya haɗa ki da mutanen kirki. Na sa ta a ƙasan akwatinki ne don kada ki gan ta sai kin isa. Kin san ni, bakina ba ya aiki idan ana kallona. Rubutun ma kin san iyakarsa, a aji shida na tsaya, sai ki yi haƙuri da shi.

Tun ranar da kika ce hidimar ƙasa ta kai ki Imo hankalina bai kwanta ba. Kowa ya ɗauka nisa ne yake damuna. Ba nisa ba ne. Anti Liya tana can. Na yi mata laifi, na ɓoye, kuma har yau ba ta san ni ce na yi ba. Akwai abin da nake so ki yi min a can, amma sai na fara gaya miki yadda aka yi.

Ban san ko kina tuna ta sosai ba, shekararki bakwai lokacin. A gidan haya na Masaka muke, wanda yake da ɗakuna takwas suna kallon juna. Sojoji ba su daɗe da barin mulki ba, kowa yana kwararowa Abuja, ko ina ka duba gini ake yi. Babanki ya samu aikin tuƙi a ma'aikata, kullum da asuba yake bin motar cikin gari. Ɗakin da yake kallon namu shi ne na Anti Liya da mijinta da 'yarsu Nkechi, wadda kuke wasan 'yar carafke tare. Ibo ce, amma a Kano aka haife ta, Hausarta ta fi tawa fita. Ɗinki take yi a kasuwar Wuse. Addinin Yahudawa suke bi, ita da mijinta da wasu 'yan gidaje da suke taruwa a wani ɗaki can bayan gari. Ta ce sun yi imani daga can kakanninsu suka fito, su suna komawa ne kan abin da aka bari. Ban taɓa ganin Bayahude da idona ba kafin ita. Abin da nake ji a bakin mutane daban, matar da nake gani tana share min ƙofar ɗaki idan ba ni da lafiya daban.

Kuskurena na farko a kan tuwo ne. Ran Babbar Sallah na yi tuwon shinkafa da miyar kuka, na zuba nama, na malala man shanun da na saya wurin 'yar Fulanin da take zuwa mana daga wajen Jiwa. Na rufe kwano na ba ki kika kai mata. Ba a jima ba sai ga ta da kwanon a hannu, ba a taɓa ba. Ta ce, "Maman Ummi, na gode, Allah Ya maimaita mana. Amma ba zan iya ci ba." Na karɓa. Na shiga ɗaki na yanke wa kaina cewa ƙyamata take yi. Mako biyu ina gaishe ta da ka kawai.

Ita ce ta gaji ta same ni a bakin famfo. Ta ce, "Wai ke ba za ki tambaye ni dalili ba? Sai dai ki kumbura kamar alkubus?" Na yi dariya ban shirya ba. Ta ce su ba sa haɗa nama da duk abin da ya fito daga nono, ko a kwano ɗaya, ko a tukunya ɗaya, kuma yankansu ma da ƙa'idarsa. Ta ce, "Ke in na kawo miki alade za ki ci don kada raina ya ɓaci?" Na ce a'uzubillahi. Ta ce, "To, kin gani." Daga ranar ta ba ni wata 'yar tukunyarta, a ciki nake yi mata ɗanwake ko miyar kuka ba nama.

Ummi, za ki je inda za a ƙi abincinki, ke ma za ki ƙi na wasu. In an ƙi naki, ki tambaya. In ke kika ƙi, ki faɗi dalili da fuska a sake, kada ki karɓa ki zubar a ɓoye. Mako biyun nan da na yi ina fushi, tambaya ɗaya ce ta raba ni da su.

Bayan wannan muka shaƙu. A nan na san tana yin waƙa. Ba irin ta kiɗa ba, irin wadda ake rubutawa. Ranar Juma'a tun la'asar take rufe shago ta dawo, ta gasa burodin da take kitsawa kamar gashin kai, ta kunna kyandir biyu kafin rana ta faɗi. Daga nan har faɗuwar ranar Asabar ba ta hura wuta, ba ta taɓa keken ɗinki, ba ta riƙe biro. Abin dariyar kuma, ta ce a ranar da ba ta iya rubutu, a ranar waƙa take zuwar mata. Sai ta fito ta zauna kusa da ni ina tsince wake, ta ce, "Maman Ummi, kaina ya cika. Saurari wannan, ki riƙe min shi a kanki har taurari su fito." Sai ta faɗa sau biyu ko uku. Da an yi magariba ran Asabar, Nkechi ta ƙirga taurari uku, sai ta ce, "Ba ni ajiyata." In faɗa mata, ta shige ɗaki da sauri ta rubuta.

Da Hausa take yin yawancinsu. Ta ce da Ibo take faɗa, da Turanci take ciniki, da harshen addininsu take addu'a, amma in abu ya taɓa mata zuciya da Hausa yake fitowa. Ga ɗaya daga cikin waɗanda na riƙe:

Kyandir biyu na kunna kafin magariba,
Ɗaya na tunawa, ɗaya na kiyayewa.
Uwata ba ta kunna ba, ba ta sani ba,
'Yata na kallon hannuna tana ganewa.

Ban taɓa sanin mace za ta iya ɗaukar abin da take yi a ɗakinta ta mayar da shi waƙa ba. Ni a sanina waƙa ta malamai ce da maroƙa. Na taɓa gaya mata haka. Ta ce, "Maza suna can suna karanta abin da aka rubuta tun da can. Wa zai rubuta yadda burodi yake ƙonewa in yarinya ta yi kuka?"

Kuskurena na biyu shiru ne. Kin san Maman Sadiya, wadda muke zumunci duk shekarun nan. A lokacin ita ce mai ɗakin ƙarshe, kuma bakinta ba ya hutawa. Duk Asabar sai ta tsokani Anti Liya. "Madam Asabar, an tashi lafiya? Yau ma hutun ne? Ranar da kowa yake ciniki ke kina zaune kamar amarya." Anti Liya takan ce, "Ke da ba kya hutawa, ina benen da kika gina?" A yi dariya. Amma wata rana wasan ya wuce wuri. Ana hira a tsakar gida Maman Sadiya ta ce, "Ni fa ban yarda da rubutun nan nasu ba. Wa ya san abin da take rubuta mana a ciki?" Wasu daga cikin matan gidan suka kalle ni, don sun san ni ce nake zama da ita. Ni na san abin da take rubutawa. Burodi ne da kyandir da uwarta. Kalma biyar ta isa. Na sunkuyar da kai na ci gaba da wanke-wanke.

Asabar ta gaba ta ba ni wannan in riƙe:

A Kano an ce min baƙuwa,
A ƙauyen ubana, Bahaushiya,
A Wuse, mai rufe shago ran kasuwa,
Ran Asabar ina zaune, ni ce Liya.

Ba ta ce don me ba, ni ma ban tambaya ba.

Kin gado kunyata, na sani. Mutane za su yaba miki ita, ni ma an yaba min. Amma ki bambance kunya da tsoro. In ana faɗin abin da kika san ba haka yake ba a kan wani, kuma aka juyo ana kallonki, to shirunki shaida ne. Ba sai kin yi faɗa ba. Ki ce, "Ni dai ba haka na sani ba." Ya isa.

Yanzu ga babban.

Farkon damina suka tafi gida yin idinsu, wanda suke yin mako guda ba sa cin burodi mai yisti. Kwana uku da tafiyarsu aka yi iska da ruwa da rana tsaka, ta yaye kwanon ɗakinsu. Mai kula da gidan ya ɓalle ƙofa, ya sa aka fito da kayansu tsakar gida don a gyara rufin. A cikin kayan akwai wani kwalin taliya. Ya jiƙe, gindinsa ya ɓalle, takardu suka watse. Washegari da safe bayan kowa ya fita, na ga awaki suna bi ta kansu, wasu sun faɗa kwatar da take fitowa daga banɗaki.

Na san kwalin. Ta taɓa nuna min shi ta ce a nan take ajiye duk takardar da take da sunan Allah, ko ta yage ko ta tsufa, don ba a jefar da irinsu a shara. Na ce mata mu ma haka ne. Muka ji daɗi mun yi daidai a kan wani abu. Ban tambaye ta me suke yi da su daga baya ba. Na ɗauka na sani.

Na tsince su ɗaya bayan ɗaya, har na cikin kwatar. Dukkansu da harufansu aka rubuta su, ba na gane ko ɗaya. Wasu bugun inji, wasu rubutun hannu. Na shanya su a kan tabarma suka sha iska. Na dube su, sun yi dameji, tawada ta zuba a wasu, ga ƙazantar da ta taɓa wasu. Sai na yi abin da malaminmu na Islamiyya ya koya mana a kan takardar da take da sunan Allah in ta lalace. Na yi alwala, na je bayan gida wuri mai tsabta, na ƙona su, na haƙa rami na zuba tokar. Ba wanda ya gan ni, kina makaranta, matan gidan suna kasuwa. Wallahi Ummi, da farin ciki na dawo ɗaki. Ina ta shirya yadda zan ba ta labari ta gode min.

Ran da suka dawo ina wurin awo da cikin ƙaninki. Na shigo na tarar da ita zaune a ƙasa a tsakar gida, jakarta ma ba ta shigar ba. Yara sun kai ta bayan gida sun nuna mata inda aka yi wuta, ta tsinci wani guntu da bai ƙone duka ba. Yana hannunta. Ba kuka take yi ba.

Ta ce, "Maman Ummi, an ƙona min kwalina."

Na buɗe baki zan ce ni ce. Sai ta ci gaba.

"Waƙoƙina na shekara tara suna ciki. Da harufanmu nake rubuta su, yadda tsofaffinku suke rubuta Hausa da ajami. Yawanci akwai sunan Allah, shi ya sa nake sa su can." Ta juya guntun. "Mu ba ma ƙonawa. Binnewa muke yi, a maƙabarta, kamar mutum. Duk inda aka taɓa ƙona mana takardu, waɗanda ba sa son ganinmu ne suka yi. Kowane yaronmu ya san wannan. Na ɗauka a gidan nan tsokana ce kawai."

Ta ɗago ta kalle ni ta ce, "Kin ga wanda ya yi?"

Na ce, "Ban gani ba. Na fita ranar."

Ga shi na rubuta. Abin da na ce ke nan.

Kan ƙonawar, ga abin da zan ce miki. Niyyata mai kyau ce, kuma ba ta dawo da ko layi ɗaya ba. In kika ga abin wani a ƙasa, ki ɗauke, ki adana, ki jira mai shi. Kada ki girmama abin mutum da irin girmamawarki sai kin tambaye shi tasa. Da na zuba su a buhu na tura ƙarƙashin gado, da shi ke nan. Wurin da kika ga kun yi kama da mutum, nan ne ya fi kamata ki yi tambaya, don nan ne za ki ɗauka kin riga kin sani.

Amma ƙaryar ta fi wutar ɓarna. Gidan gaba ɗaya ya ɗora wa Maman Sadiya. Ta rantse har da kuka, ba wanda ya yarda, mijinta ma sai da ya yi mata faɗa a gaban mutane. Anti Liya ba ta zargi kowa da baki ba. Ta daina zama a tsakar gida, ta hana Nkechi fitowa in ba ta nan. Sau ɗaya ta zo ƙofata ta ce, "Cikin waɗanda na ba ki ajiya, akwai wanda ya rage a kanki?" Suna nan, da yawa. Amma ba na iya haɗa ido da ita. Na faɗa mata biyu na ce sauran sun gudu. Kullum ina cewa gobe zan gaya mata. In na yi niyya sai in ga abin ya ƙara nauyi fiye da jiya.

Bayan wata biyu suka tashi daga gidan. Ran tafiyar, ana loda kaya a mota, ta riƙe hannuna ta ce, "A gidan nan ke kaɗai ce ban taɓa shakka ba." Na ce Allah Ya kiyaye hanya.

Laifi ɗanye ya fi sauƙin faɗa. Ran farko jimla ɗaya ce. Bayan mako guda sai kin haɗa da dalilin da ya sa kika yi shiru. Bayan shekara sai ki ga kin gina zumunci da mutane a kansa. In kin yi ɓarna a wurin aiki, ko kin fasa abin wani, ko kin faɗi abin da bai kamata ba, ki faɗa kafin ki ci abinci na gaba. Za a yi miki faɗa. Faɗa yana ƙarewa.

Da takardar hidimarki ta fito, na tuna Imo ce jiharsu, sai na hau mota na je Wuse wurin telan da suka yi shago ɗaya da ita. Ya ce mijinta ya rasu, ta koma gida, tana ɗinki a wani gari kusa da Oweri. Ya kwatanta min, kwatancen yana bayan wannan takarda. Na tambaye shi ko tana yin waƙa har yanzu. Ya ce, "Wace waƙa? Madam Liya? Ni ban taɓa ji ba." Wataƙila dama bai sani ba. Wataƙila kuma ta daina. Wannan ne ban iya haɗiyewa ba.

Na sayi littafi mai layi na zauna na rubuta duk abin da ya rage a kaina. Goma sha ɗaya na samu. Huɗu cikakku, sauran wani ba kai, wani ba ƙafa. Niyyata in ba ki ki kai mata, da 'yar takardar ban haƙuri a ciki. Sai na ga ba zan aike ki ba babanki bai sani ba, na zaunar da shi na gaya masa komai. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "To yanzu yarinyar za ki tura ta tsaya a gabanta? Ita ta kunna ashanar?" Na ce ni ba zan iya tsayawa a gabanta ba. Ya ce, "Fara da na kusa."

Na je gidan Maman Sadiya ranar Talata. Na faɗa mata a tsaye, ko mayafi ban cire ba. Ta tafa hannu ta ce, "La'ilaha illallahu! Ke? Salihar gida? Shekara goma sha huɗu ina ɗauke da kayanki a kaina, kina zuwa sunan jikokina kina cin shinkafata!" Ta zage ni sosai, kuma ta yi daidai. Ta ce in tafi, ba ta son ganina yanzu. Na kai ƙofa ta ce, "In kin ga Madam Asabar ki ce mata bakina ne kawai, hannuna bai taɓa kayanta ba." Har yau ba ta ɗaga wayata ba. Ban mutu ba, Ummi. Abin da na gano ke nan a wannan shekarun nawa.

Saboda haka littafin yana wurina, ba ya cikin kayanki. Ga abin da nake so ki yi. In kun fito daga sansani kin samu wurin zama, ki nemi gidan. Kada ki je Juma'a da yamma ko Asabar, kuma in kin samu lambarta kada ki kira a ranakun, ba za ta ɗauka ba. Ki je Lahadi. Kada ki kai nama ko kilishi, ki sayi lemo da ayaba. Ki durƙusa ki gaishe ta yadda za ki gaishe ni. Ki ce ke ce Ummi ta gidan Masaka. Kada ki ba ta labarin nan, ba naki ba ne. Ki ce mata mamanki tana da magana a kan kwalin, ta san wanda ya yi, tana neman izinin zuwa ta faɗa da bakinta.

Mace ce mai kaifin hankali, tana iya ganewa tun daga nan. In ta tambaye ki kai tsaye, kada ki yi mata ƙarya, ki ce zan zo in amsa. In ta ce in zo, babanki ya ce zai sa ni a mota, ko da ban taɓa wuce Lokoja ba. In kuma ta ce kada in zo, ki gaya min yadda ta faɗa, kada ki rage masa zafi. Sai in aika mata littafin, don nata ne ko ta yafe ko ba ta yafe ba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ta ƙare rayuwarta tana ganin maƙwabtanta sun ƙi ta ne.

Sauran kin sani. Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko ke kaɗai ce mai yi a wurin. Ki koyi gaisuwarsu tun makon farko. Ki ci abinci.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya ba ki lafiya, Ya sa ki gama da mutanen can lafiya, Ya dawo min da ke cikin aminci. Ni kuma ki roƙa min Allah Ya ba ni ƙafar zuwa da bakin faɗa. Babanki da ƙannenki suna gaishe ki.

Wassalam,
Mamanki